Matani da Sharhi a Baƙin Allo: Tarken Manhajar p6bible da Abin da Take Nuna wa Masu Koyar da Kwamfuta a Jega da Aliero da Maiyama

1.0 Gabatarwa

Duk harshen da ake shirya manhajar kwamfuta da shi yana tafe da rubuce-rubuce iri biyu. Akwai wanda ke gaya wa mai koyo yadda zai tsara umarni har na'ura ta karɓa, akwai kuma wanda ke bayyana abin da ya sa aka gina harshen haka, ba a gina shi ta wata fuska ba. Na farkon shi ne littafin jagora, kowa kuwa ya san shi. Na biyun shi muke kira takardun tsari, watau muhawarori da hukunce-hukuncen da maginan harshe suka rubuta tun harshen yana maƙera ana bugunsa. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi tarken wata ƙaramar manhaja mai suna p6bible, wadda ta fito a 2005 da niyyar ajiye takardun tsarin harshen Perl 6 a gaban mai karatu ta layin umarni kaɗai. Abin da muke nufi da layin umarni shi ne baƙin allon nan da ba a danna hoto a cikinsa, sai dai mutum ya buga kalma ya jira amsa.

Mai yiwuwa wani daga cikin malaman da ke wannan zaure ya tambaya, mene ne amfanin tonon manhajar da aka daɗe da yin watsi da ita, ta harshen da ko sunansa ma ya sauya? Amsarmu ita ce, tambayar da manhajar ta yi ƙoƙarin warwarewa ta mutu a biranen da intanet ba ta yankewa, amma tana nan da ranta a wurinmu. Ɗaliban da muke horarwa a kwalejin ilmi, waɗanda ke zuwa koyarwar gwaji a makarantun Jega da Aliero da Maiyama, da yawansu za su koyar da kwamfuta ne a inda sabis ke zuwa yana tafiya, kuɗin data kuma ya fi ƙarfin aljihun malami. Abin da ke cikin na'urar shi ne nasu. Don haka tambayar abin da ya kamata a zuba a cikinta, da yadda za a kai gare shi, ba ƙaramar tambaya ba ce.

2.0 Asalin takardun

Larry Wall ya fitar da harshen Perl a Disamba 1987, Perl 5 kuma ta biyo baya a 1994. Abin da zai ja hankalin manazarta harshe shi ne, Wall ilmin harsuna ya karanta a matakin babban digiri, kuma shi da matarsa sun yi niyyar neman wani harshe da ba a taɓa rubuta shi ba, su ƙirƙira masa hanyar rubutu. Niyyar ba ta cika ba, amma tunanin masanin harshe ya bi shi cikin sana'ar kwamfuta, shi ya sa takardunsa suke cike da maganar suna da aikatau da jam'i da tilo da muhallin magana.

A Yuli 2000 aka yi shelar za a sake ƙera harshen daga tushe, aka kuma buɗe ƙofa kowa ya kawo shawara a rubuce. Shawarwari 361 suka taru. Daga Afrilu 2001 Wall ya fara ba da amsa a cikin jerin dogayen takardu da ya kira Apocalypse, kalmar da asalinta na Girkanci ke nufin yaye lulluɓi. Mun guji fassara ta da kalmar da ta keɓanta da annabawa, domin bai dace a jingina ta ga aikin ɗan'adam ba. Buɗi za mu kira ta. Damian Conway ya riƙa bin wasu daga cikinsu da takardun misalai masu suna Exegesis, waɗanda za mu kira Sharhi. Daga baya aka fitar da Synopsis, watau Muhtasari, inda aka tsame hukunci zalla aka bar muhawara. A ƙarshe Muhtasarin ne ya zama abin dogaro: in ya saɓa da Buɗi, maganarsa ake ɗauka.

Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami a ƙasar Gwandu ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba. Haka ilmin fiƙihu ya zo mana: dogon littafi mai hujjoji, sa'an nan muhtasari irin na Halilu wanda ya matse magana har ɗalibi ba ya iya kwance ta shi kaɗai, sa'an nan sharhi irin na Dardiri, sa'an nan hashiya irin ta Dasuƙi a gefen sharhin. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma da ya rubuta Liya'ut Tawili, ya koma ya taƙaita shi cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan saboda waɗanda ƙarfin karatunsu bai kai ba. Ba muna daidaita darajar waɗannan littattafai da takardun kwamfuta ba ne, hanyar aiki kawai muke nunawa. Malamanmu sun daɗe da sanin cewa muhtasari shi kaɗai hadda yake haifarwa, dogon matani shi kaɗai kuma gajiya, sai an haɗa su a hannun mai karatu ɗaya.

Wannan haɗawa ita ce aikin p6bible. Brian Ingerson, wanda aka fi sani da Ingy, shi ya tattara takardun cikin ƙunshi ɗaya mai suna Perl6::Bible, ya ajiye a CPAN, watau rumbun manhajojin Perl, a shekarar da Audrey Tang ta fara gina Pugs, tafintan farko da ya fara gudanar da wani yanki mai yawa na sabon harshen. Amfani da ita ba shi da wuya. In ka buga p6bible -c sai jerin takardun ya bayyana. In ka buga p6bible s05 sai Muhtasari na 5 ya buɗe, a05 kuma ya kawo Buɗi na 5, e05 ya kawo Sharhinsa. A ƙarƙashi, tsohuwar manhajar perldoc ce ke yin aikin nunawa. P6bible jagora ce kawai mai nuna ƙofa.

3.0 Inda ta yi kyau

Karanta bayani ta layin umarni ba sabon abu ba ne. Tun Nuwamba 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da littafin jagoran Unix na farko, wanda daga gare shi shafukan man suka samo asali. Perl tana da perldoc, Ruby tana da ri, Python ta sami pydoc a 2001. Amma duk waɗannan yadda ake yi suke faɗa. Abin da ya bambanta p6bible shi ne ta ɗauki dalili ta ajiye shi a mazauni ɗaya da ƙa'ida, nisan umarni guda. A ganinmu wannan shi ne babban abin yabonta, kuma shi kaɗai ya isa a tuna da ita.

Bari mu ba da misali, don gani ya kori ji. A Perl 5, jerin abubuwa yana ɗauke da alamar @, amma in kana son abu ɗaya daga cikin jerin sai ka sauya alamar zuwa $, ka rubuta $a[0] maimakon @a[0]. Dalilin Wall na farko na nahawu ne: alamar tana aiki kamar yadda "wannan" da "waɗannan" ke aiki, tana nuna tilo ko jam'in abin da ake ɗauko wa. Tunani ne mai kyau a takarda, amma ya riƙa tuntsurar da masu koyo shekara da shekaru. A Buɗi na 2 aka yanke cewa alamar za ta zauna daram tare da sunanta, ko ɗaya ake nema ko duka. Wanda ya karanta Muhtasari kaɗai zai san sabuwar ƙa'ida. Wanda ya karanta Buɗi zai ga magini yana auna kyawun nahawu da wahalar ɗalibi, ya zaɓi sauƙaƙa wa ɗalibi. Malamin gobe wannan na biyun yake bukata, domin shi ma kullum irin wannan awo zai riƙa yi a aji.

Wani misalin ya fi wannan daɗi ga mai nazarin harshe. Wall ya yawaita kafa hujja da wata ƙa'ida da ya aro daga aikin David Huffman na 1952, cewa abin da ake yawan faɗa ya kamata ya zama gajere, abin da ba a cika faɗa ba kuwa ba laifi ya yi tsawo. Hausa ma haka take: dubi da, na, ta, a, ba, waɗanda ba a jimla biyu ba tare da su ba, sa'an nan ka dubi tsawon kalma irin ƙasaitacciya. Bisa wannan ƙa'ida aka ga cewa kiran aikin wani abu, wanda Perl 5 ke rubutawa da alamomi biyu, ->, ya cancanci ɗigo guda. To amma ɗigo yana da aiki tun da, shi ke haɗa zaren rubutu biyu. Tilas aka tashe shi daga wannan aiki aka nema wa haɗin wata alama. Ka ga nan ƙa'ida ɗaya ta haifi ta biyu, ta biyu ta tilasta ta uku. Ɗalibin da ya bi wannan sarƙa ba ya bukatar hadda, domin ya riƙe igiyar da ta ɗaure su.

Har ila yau akwai abin da ya burge mu a matsayinmu na malamai. A farkon yawancin takardun Buɗi, Wall yakan jera shawarwarin da zai duba, ya ba kowace maki da haruffa uku: ɗaya na ingancin matsalar da aka hango, ɗaya na ingancin maganin da aka kawo, ɗaya kuma na hukuncinsa, ko karɓa ko karɓa da gyara ko ƙi. Sau da yawa mai shawara yakan ci babban maki a gano ciwo, ya faɗi a magani. Rarrabe waɗannan biyu darasi ne da ba mu cika koya wa ɗalibanmu ba, alhali shi ne rabin aikin mai shirya manhaja.

Game da sauƙin ɗauka ba sai mun tsawaita ba. Rubutu ne zalla, babu hoto, tsohuwar na'ura mai ƙaramin ciki tana buɗe shi nan take, kuma da zarar an sauke shi sau ɗaya an gama da intanet.

4.0 Inda ta gaza

Aibi na farko, kuma mafi girma, shi ne ta daskarar da abin da ke gudana. Takardun Muhtasari ba su zauna wuri ɗaya ba. An yi ta gyara su har tsawon shekaru, musamman bayan masu gina Pugs da Rakudo sun fara cin karo da wuraren da tsari ya ƙi aiki. Ƙunshin da mutum ya sauke kuwa hoton rana ɗaya ne. Gaskiya ne kowane Muhtasari yana ɗauke da kwanan watan gyara da lambar bugu a kansa, amma wannan yana gaya maka shekarun abin da ke hannunka ne kawai, ba ya gaya maka ko an shafe hukuncin a wani wuri. Mai intanet yana iya leƙawa ya gwada. Wanda aka yi manhajar dominsa, watau wanda ba ya tare da intanet, shi ne ba shi da hanyar sani. Nan amfanin manhajar da cutarwarta suka fito daga rami ɗaya.

Mu koma kan misalin ɗigo. Da aka tashe shi daga aikin haɗa rubutu, Buɗi na 3 na 2001 ya ba da aikin ga alamar _, Sharhi na 3 kuma ya gina misalansa a kanta. Daga baya aka sake shawara aka koma ga ~, ita ce kuma Muhtasari na 3 ya tabbatar, ita ke aiki har yau. Saboda haka ƙunshi ɗaya yana ɗauke da hukunci biyu masu karo da juna, a03 na faɗin wannan, s03 na faɗin wancan, p6bible kuwa tana buɗe kowanne da fuska ɗaya, ba gargaɗi. An bi wasu wurare a tsoffin takardun an cusa gajerun bayanan gyara, amma ba ko'ina ba, kuma mai karatu yakan sha doguwar hujja ya gamsu da ita kafin ya tarar da layin da ke cewa an bar wannan ra'ayi. A zaure, malami ne ke tsayar da ɗalibi ya ce masa wannan ƙauli mai rauni ne, ga wanda ake fatawa da shi. Manhajar ta kawo littattafan, ta bar malamin a baya.

Aibi na biyu yana ga lambobin. Me ya sa tsarin gano siffar rubutu ya zama na 5, ayyuka na 6, abubuwa masu hali na 12? Domin an bi lambobin babi-babi na littafin Programming Perl, wanda ake wa laƙabi da littafin raƙumi saboda hoton bangonsa. Wanda ya mallaki littafin, lambobin a kansa suke. Wanda bai taɓa ganinsa ba, kamar yawancin ɗalibanmu, s05 ba ta ce masa komai ba. Daɗin daɗawa jerin yana da giɓi, domin Wall bai rubuta Buɗi ga kowane babi ba: daga na farko-farko sai aka yi tsalle zuwa na 12 a 2004. Baƙo zai zaci nasa ƙunshin ne bai cika ba. Wannan alama ce ta cewa 'yan gida aka yi wa manhajar, waɗanda suka riga suka san hanya, ko da yake an ajiye ta a inda kowa zai ɗauka.

Na uku ya biyo bayan na biyu. Ba a tambayar p6bible da kalma. Kana iya neman kalma a cikin takardar da ka riga ka buɗe, amma ba ka iya cewa ta nuna maka duk inda aka yi maganar alama kaza a takardun gaba ɗaya. Mai koyo kuwa da kalma yake zuwa, ba da lambar babi ba. Ya ga wata alama ta ɗaure masa kai, ita yake son a warware masa. Masu harshen sun gane wannan giɓi. Ƙunshin ya koma Perl6::Doc, sa'an nan a 2009 Hinrik Örn Sigurðsson ya rubuta manhajar grok a ƙarƙashin shirin bazara na Google, wadda ke karɓar sunan aiki ta nemo bayaninsa. Gyara ne na gaske, sai dai bai taɓa aibi na farko ba.

Sai maganar suna da salo. Kiran tarin takardun injiniya da sunan littafin addini raha ce a wurin waɗanda suka raɗa shi, amma raha ba ta cika ƙetare iyaka lafiya ba. A ajin da ke da Musulmi da Kirista, malami zai ɓata lokaci yana bayanin abin da sunan ba ya nufi kafin ya kai ga abin da yake nufi, kuma sauya sunan zuwa Perl6::Doc ya kawar da wannan nauyi. Ban da haka, sunan yana ba da alamar abin da ya tabbata ba ya sauyawa, alhali mun ga takardun kullum cikin sauyawa suke. Ingilishin Wall kuma cike yake da wasa da kalmomi da habaici da ishara ga littattafan da ɗan Amurka ya tashi da su. Ga wanda harshen uwarsa ke nan, wannan gishiri ne. Ga ɗalibin da ya koyi Ingilishi a aji, kowace raha wani kududdufi ne da zai tsaya ya auna zurfinsa, bai sani ba ko hukunci ne ko wasa.

Ƙarshen labarin takardun shi kansa hukunci ne a kan manhajar. Da aka fitar da tabbataccen bugu na farko na harshen a Disamba 2015, shekara 15 bayan shela, ba Muhtasari aka ce shi ne ma'aunin harshen ba, tarin gwaje-gwajen da ake kira roast aka ba wannan matsayi: duk tafintan da ya ci gwaje-gwajen, shi ne harshen. A Oktoba 2019 aka sauya sunan harshen zuwa Raku, takardun tsari kuma suka koma kayan tarihi. Manhajar rakudoc da ke aiki ta layin umarni littafin jagora take nunawa. Watau an dawo inda aka fito: yadda ake yi yana kusa, dalili ya yi nisa.

5.0 Mu da Python

Ba Raku muke koyarwa ba, kuma ba muna kira a koma mata ba ne. Harshen da ya fi yawa a hannun masu koyo a yau Python ne, a nan ma kuwa matsalar tana nan, ta juya baya ne kawai. Python tana da takardun tsari masu kyau da ake kira PEP, waɗanda aka fara a 2000. Ta fuskar aibin farko da muka ambata sun fi na Perl 6 nesa ba kusa ba, domin kowace tana ɗauke da matsayinta a goshi: daftari ce, ko an karɓa, ko an ƙi, ko an janye, ko wata ta maye gurbinta, har da lambar wadda ta maye. Amma ba sa zuwa tare da harshen. In ɗalibi ya buga python -m pydoc, ko ya kira help a cikin harshen, zai sami bayanin ayyuka da kalmomin harshe, ba zai sami PEP ba. Abin da ya fi kusa shi ne import this, wanda ke fitar da gajerun jimlolin hikima na Tim Peters da ke cikin PEP 20, su kuwa take ne, ba hujja ba.

Ga yadda abin ke ciwo a aji. Littattafan da ke yawo a hannun ɗalibai da yawansu na zamanin Python 2 ne, wadda aka daina kula da ita a 1 ga Janairu 2020. Ɗalibi ya kwafi print ba tare da baka ba, na'ura ta ƙi. Ya raba 7 da 2 yana jiran 3 kamar yadda littafi ya ce, sai ya ga 3.5. Malamin da bai san dalili ba abin da zai ce shi ne haka sabuwar take, a haddace. Alhali PEP 238 ta 2001 ta yi bayani filla-filla cewa tsohuwar alamar rabawa tana ba da amsa iri biyu gwargwadon irin lambar da aka ba ta, har shiri ya yi kuskure shiru ba wanda ya sani. PEP 3105 kuma ta faɗi abin da ya sa print ta koma aiki kamar sauran ayyuka a Python 3 ta 2008. Wanda zai rubuta wa dillalin albasa a Aliero ɗan shirin raba kuɗin mota a kan buhuna, bambancin 3 da 3.5 ba wasan aji ba ne a wurinsa, kuɗin wani ne.

Mu masu nazarin Hausa mun san irin wannan rashi a gidanmu. Hanns Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, haruffa masu ƙugiya suka zauna a shekarun 1930, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Ƙa'idojin sun iso kowane aji. Muhawarar da ta haife su kuwa tana cikin rahotannin da ɗalibi ba ya gani, shi ya sa yake iya gaya maka a raba "shi ne" amma ba ya iya kare rabawar, kuma bai san abin da ya sa Nijar ke rubuta ƴ mu muna rubuta 'y ba. Ƙa'idar da aka raba da dalilinta, ranar da aka manta ta babu inda za a sake tono ta.

Kada a ce intanet ta riga ta warware wannan. Jega mahaɗar manyan hanyoyi ce, ta Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri, Aliero kuma tana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi ɗan Fodiyo. Amma malamin da aka tura ƙauyen da ke bayan Maiyama ba a bakin titi yake koyarwa ba. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. A Satumba 2021 kuma an rufe layukan waya ɗungurungum a Zamfara saboda matsalar tsaro, rufewar ta shafi wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina, aka yi makonni ba sabis. Maƙwabtanmu ne waɗannan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muke gani ya dace a ɗauka daga p6bible shi ne niyyarta, a bar kurakuranta. Takardun PEP rubutu ne zalla, suna wuri ɗaya, ana iya kwafe su a filashi a zuba a kowace na'ura ta ɗakin kwamfuta; umarnin grep zai nemo kalma a cikinsu duka, less kuma ya buɗe wadda ake so, ka ga an toshe giɓin nema ba tare da an rubuta sabuwar manhaja ba. Wajibi ne a rubuta ranar da aka kwafo su a inda mai buɗewa zai fara gani, a kuma sabunta su duk zangon karatu. Ba duka ɗalibi zai karanta ba, ɗaruruwa ne, wasunsu ma sai ƙwararru. Malami zai zaɓi kaɗan da suka shafi abin da ake tuntuɓe a kai, irin 8 da 238 da 3105, ya jera su da sunan matsala, ba da lamba ba.

Game da Hausa, ra'ayinmu shi ne kada a fara da fassara matanin. Yana da yawa, yana sauyawa, fassarar kuma za ta tsufa kafin a gama ta, mu faɗa ramin da p6bible ta faɗa. Sharhi ya kamata mu rubuta, gajere, shafi ɗaya ko biyu ga kowace takarda, mai faɗin matsalar da aka gani, da hanyoyin da aka auna, da wadda aka ɗauka, da abin da aka sadaukar wajen ɗaukarta, a ajiye shi a jaka ɗaya da matanin Ingilishi yadda grep zai kamo su tare. Dalilin da ya sa aka sauya alamar rabawa a 2001 ba zai sauya ba ko Python ta kai bugu na nawa, saboda haka sharhin da aka yi a kansa zai daɗe. Wahalar da za a fara cin karo da ita ta kalmomi ce: PEP 238 ta tsayu ne a kan bambancin rabawa ta gaskiya da rabawar da ke zubar da saura ta gangara zuwa cikakkiyar lamba ta ƙasa, kuma kafin a rubuta layi ɗaya na sharhinta sai malaman lissafi da na Hausa sun zauna sun daidaita sunan da za a ba kowace, su kuma gwada sunan a kan -7 da 2, inda amsar Python take -4, ba -3 ba.